Takardar Sigari a Wayar Malam Bawa

Duk saurayin da ya zo rumfata a bakin tashar Ƙaura ya ce yana son koyon gyaran waya, tambayarsa ta farko ita ce wata nawa zai ɗauka. Wasu ma ba sa tambaya, su ke faɗa mini: wata uku, tunda sun riga sun ga yadda ake yi a bidiyo. Ba na gardama da su. Nakan jawo wani gwangwanin madara da ke kan teburina, in buɗe, in zazzage abin da ke ciki. 'Yan takardu ne masu sheƙi, irin na cikin kwalin sigari, an yanka su faɗin yatsa biyu, duk sun yi baƙi don dauɗa. Sai in ce su zauna tukuna, su ji yadda waɗannan takardu suka kusa sa a kwashe mutane a gona, kuma ni na yanka su da hannuna.

Ni ban fara da waya ba, da rediyo na fara, wurin Baba Bitrus. Mutumin kudancin Kaduna ne, aikin jirgin ƙasa ya kawo shi Ƙaura tun ba a haife ni ba. Shi ke kula da wayoyin tasha, da jirgi ya daina zuwa sai ya buɗe shagon gyara a Sabon Gari. Na je wurinsa da gemuna, ina da mata da ɗiya guda, ina ganin sati biyu sun ishe ni. Aikin farko da ya ba ni wata tsohuwar rediyo ce da farin ƙyalle. Ya ce in kwance ta, in jera notuna a kan ƙyallen yadda na ciro su, in mayar. Na gama, noti biyu suka yi saura. Ya ce in sake. Wata shida ina wannan kafin ya bar ni na taɓa ƙarfen narka dalma. Doka guda ya kafa mini, yana maimaita ta har ta gundure ni: "Haruna, kada ka canza abin da ba ka auna ba."

Da wayoyin hannu suka shigo, tare muka koma kansu. Kayan aikin ba su da yawa, kuna ganin su: ƙananan sukundireba, hantsaki, gilashin ƙara girma, tsohon buroshin haƙori, mita, da ƙarfen dalma wanda in babu wuta a garwashi muke ɗora shi. Baba yana da wani akwati da ke ba waya wuta a madadin batir, da allura a fuskarsa mai nuna yawan wutar da wayar ke sha. Da na buɗe rumfata ya ce in sayi irinsa. Na ce to. Ban saya ba, don a ganina wanda hannunsa ya faɗa ba ya buƙatar allura ta gaya masa komai.

Wata Bafulatana mai tallar nono ta taɓa kawo mini waya da ta faɗa cikin ƙwarya. Kwana biyu ta shanya ta a rana kafin ta zo, da na buɗe sai rumfar ta ɗauki warin kindirmo. Na wanke ta da buroshi, na busar, ta kama. Har wata guda, duk ranar da matar nan ta wuce rumfata sai ta ajiye mini fura. Irin waɗannan ayyuka ne suka ɗaga mini suna, har 'yan kasuwar dabbobi na Shinkafi, masu layin Nijar da na gida, suke aiko direba da wayoyinsu a ɗaure cikin leda. Sunan kuwa ya hau mini kai, ba zan ɓoye muku ba.

Sai ga shekarar da aka yanke sabis saboda 'yan bindiga. Aka rufe kasuwannin ƙauye, waya ta zama tocila da agogo. Na koma gyaran rediyo da fitilu, wata rana ma in wuni ban kwance noti ko ɗaya ba. Mutane suka riƙa hawa tuddai da itatuwa, wasu su nausa wajen iyaka ko za su tsinci sabis na maƙwabta. Ran nan ni ma na bi wasu zuwa wani tudu. Ina tsaye waya ta ƙi kamawa, sai na tuna rediyo in ka ƙara mata tsawon eriya ta fi kamawa. Na ga kwalin sigari a ƙasa, na yagi takardar ciki na cusa a rigar wayata. Ko minti biyu ba a yi ba sandar sabis guda ta fito. Yanzu na san da ban sa komai ba ma za ta fito, don a wannan tudun haka sabis ke yi, ya zo ya tafi. Amma mutum takwas sun gani da idonsu, kafin in dawo gari labari ya riga ni.

Daga ranar duk wanda na yi wa gyara sai in yanka masa takarda in sa a bayan waya, kyauta. "Takardar Haruna" ake ce mata daga Ƙaura har Zurmi. Ko bayan sabis ya dawo ban daina ba. Ƙananan wayoyi masu madannai ba su cika nuna damuwa ba, babu wanda ya dawo da ƙorafi, ni kuma ban taɓa aunawa ba.

Cikin waɗanda na sa wa akwai Malam Bawa, wani dattijo siriri daga wani ƙauye bayan Ɗan Isa. Tsohon maharbi ne, idonsa ya fi na saurayi. Tunda daji ya lalace, shi mutanen garinsu suka ɗora wa tsaro: in an fita gona, sai ya hau wata doguwar tsamiya a kan tudu, inda ake hango hanyar da ke fitowa daga daji. In ya ga babura sai ya kira ƙanensa Isiya, wanda ke cikin manoma, Isiya ya yi kururuwa kowa ya watse. Wayarsa babba ce ta shafawa, ɗansa ya aiko masa daga Ikko. Garin ba wuta, sai an sami mai shigowa Ƙaura ake ba shi ya yo caji, don haka kowane ɗigon batir yana da aiki.

Damina ta yi nisa, gero ya fara nuna, sai ga shi a rumfata yana ɗingishi. Ya ajiye wayar a kan tebur bai ko zauna ba.

"Haruna, wagga waya ta ci amanata," in ji shi. "Shekaranjiya nig ga babura, nik kira Isiya. Ina jin shi tas, shina ta alo, alo, Yaya ba ni jin ka. Sau biyat. Nid diro daga bisa icce ina gudu ina kuwwa. Allah Ya tsare mutane, amma shanun huɗa biyu sun tahi."

Na ce ai wannan ƙaramin abu ne, wurin magana ne ya mutu. Na canza masa sabo, na kira wayata a nan rumfa, murya ta fita kamar a kunne. Na goge gilashi, na gyara zaman takardata a cikin riga, na mayar, na miƙa masa.

Kwana uku ya dawo. Har yanzu ba a jin sa daga tsamiya, ga shi kuma batir da ke kai shi kwana biyu a da yanzu kafin la'asar ya mutu. Na ce to ga inda matsalar take, batir ya tsufa. Na canza batir. Takardar ta ɗan yage, don haka na yanka masa sabuwa, har na ƙara mata faɗi saboda ina jin tausayinsa. Ku dai ku ji wauta.

Zuwansa na uku ranar Alhamis ne. Wannan karon ya zauna, ya jingine sandarsa, ya yi magana a hankali, abin da ya fi tsawa tayar mini da hankali.

"Ran Assabar za mu shiga yankan hatsi, gari duka, da mata masu kai abinci. In ba ta gyaruwa hwaɗa man gaskiya, in tai in ce kowa ya bar hatsinai ya ruɓe a gona. Yunwa dai ta, mun san ta. Amma ba ni hawa icce su ga ni bisa su saki jiki, alhali na san in nik kira ba a ji na."

Bakina ya riga ya ɗauko cewa laifin masu sabis ne, sai na haɗiye. Na ce ya ba ni zuwa gobe da azahar, ya kwana gidan ɗiyarsa da ke aure a cikin gari. Na rufe rumfa na nufi Sabon Gari da kunya, don na fi shekara ban leƙa Baba Bitrus ba.

Na same shi a barandar gidansa yana gyara wa wata maƙwabciya fitila. Ya tsufa, tabarau biyu yake haɗawa in zai duba abu. Muka gaisa, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, bai ce komai a kan daɗewata ba. Na zayyana masa labarin, na faɗi abubuwan da na canza.

Ya ce, "Ka auna?"

Na ce ban auna ba.

"Shiga ɗaki ka ɗauko akwatin."

Muka buɗe wayar, ya haɗa ta da akwatin, muka jira ta gama tashi gilashin ya mutu. Allura ta sauka ta kwanta, sai can ta ɗan motsa ta koma. Ya ce wannan waya lafiyarta ƙalau. Ya ɗora murfin, ya ce in miƙo rigar. Yana karɓa takardata ta zamo ta faɗo a cinyarsa. Ya ɗaga ta da hantsaki ya dube ta, ya dube ni.

"Na daɗe ina ganin abin nan a wayoyin 'yan cocinmu. Ashe kai ne."

Ya mayar da ita cikin rigar ya kwantar a bayan wayar, ya ɗan girgiza. Allura ta zabura. Ta sauka, ta sake zabura, ta ƙi zama. Ya ɗauke rigar, ta kwanta. Sai ya kawo yatsansa kusa da gefen wayar ta ƙasa, bai ma taɓa ba, allura ta yi irin zaburar nan.

Ya nuna mini wani siririn ƙarfe da ya bi gefen wayar. Na san eriya ce, wannan ko ɗan koyo ya sani. Abin da ban sani ba, a irin waɗannan manyan wayoyi aiki biyu take yi. Ita ke aika magana, ita ce kuma ke jin ko jikin mutum ya matso. In ta ji kunne ko tafin hannu ko cinya, sai wayar ta rage ƙarfin da take aikawa don kada ya yi wa jiki yawa. Ɗiyarsa mai karatun injiniya a Zariya ce ta taɓa turo masa zanen cikin irin wayar, shi kuma ya zauna da tabaransa biyu ya bi layi ɗaya bayan ɗaya har ya gane. Mutumin da ya bar aiki ke nan, ni da ke cikin aikin ban taɓa neman zane ba.

"Masu ƙera ta sun san wannan saurare yana cin batir," in ji shi, "shi ya sa ba su bar ta a farke kullum ba. Leƙawa take yi ta koma barci. Sai in za a yi kira, ko ta ji wani abu ya canza, sannan ta tashi sosai. In abin da ke kusa da ita ya tsaya wuri ɗaya, takan saba da shi ta ƙyale. To takardarka ba ta tsayawa. Tana zamewa cikin riga, gumi ya jiƙa ta, ta bushe. Duk motsin da dattijon ya yi, wayar sai ta ɗauka mutum ne ya zo, ta farka. Wuni guda ba ta runtsa ba, ina batir zai kai?"

Na ce to don me yake jin su, su ba sa jin sa? Ya ce turken sabis, wato dogon ƙarfen nan, babbar murya gare shi, daga nesa ma ana jin sa. Waya kuwa 'yar ƙaramar murya gare ta, ga takarda ta tare mata baki, ga shi ta rage ƙarfi don tana ganin jiki ne manne da ita. A rumfata da turke ke bayan tasha, ko raɗa ta yi za a ji. Daga kan tsamiyar Malam Bawa kuwa sai ta ɗaga murya iyakar ƙarfinta, ni kuma na hana ta.

Na tashi zan tafi da murna, ya ce in zauna, ai ban auna ba tukuna. Washegari da hantsi, kamar yadda ya tsara mini, na ɗauki wayar Malam Bawa na hau babur na fita bayan gari, har inda sabis ya koma sanda guda. Na kira Baba da takarda a ciki, ina jin sa yana alo, alo, irin yadda Isiya ya yi. Na cire na sake kira, ya amsa gaisuwata. Na damƙe gindin wayar da tafin hannu, ya ce muryar tana yankewa. Na rataye ta a reshe na buɗe sifika na ja baya kaɗan, ya ce yanzu kamar ina barandarsa. Sau uku-uku ya sa na yi kowanne. A hanyar dawowa na tsaya wurin masu saƙar kaba, aka saƙa mini 'yar jaka mai igiya, buɗaɗɗiya ta sama.

Da azahar Malam Bawa ya zo. Na nuna masa jakar, na ce ya rataye wayar a reshe daidai fuskarsa, ya yi magana da sifika, kada ya damƙe ta ta ƙasa, kada ta wuni a aljihu mai gumi. Na rage hasken gilashi, na kashe duk abin da ba kira ba. Sannan na ajiye takardar a gabansa na gaya masa gaskiya, ban rage komai ba.

Ya daɗe yana kallon ta. "Wagga 'yar abu ta?"

"Ita ta, Malam."

"Kai kas sa ta?"

"Ni na."

"Har sau ukku," in ji shi.

Na jira zagi, na jira maganar shanun Isiya, kuma da ya yi da ya yi daidai. Sai ya ɗauki wayar ya sa a jaka, ya rataya a wuya.

"Da kac ce man laihin masu sabis na, da na yarda," in ji shi. "Shanu sun tahi, Allah Ya mai da alheri. Amma ba ni kaɗai ka hawa icce ƙasag ga ba. Wa da wa kas sa ma?"

Wannan tambaya ce ta fitar da ni daga rumfa. Na sami gwangwanin nan, na fara da 'yan tasha, na bi masu caji, na sa direbobin Zurmi da na Kurya Madaro su gaya wa duk mai takardar Haruna cewa Haruna ya ce a cire. Cirewa ta fi sawa wuya nesa ba kusa ba. Wani ya ce so nake in sayar masa da sabon abu. Wata tsohuwa ta ce tunda aka sa mata jikanta ke kiran ta, ba mai taɓa mata waya. Asabar ta wuce, Lahadi ta wuce, ban ji komai daga ƙauyen Malam Bawa ba. Kullum in wayata ta yi ƙara sai in yi sauri in duba ko shi ne, ni kuma ban kira shi ba don kada in ci masa batir.

Ranar Alhamis na shiga kasuwar Shinkafi da gwangwanina. Wajen azahar ina kara, inda ake cinikin dabbobi, ina fama da wani Alhaji dillalin raguna, wanda tasa takardar ta kusa tafin hannu, don shi da kansa ya ƙara mata. Ya rantse da ita yake kiran Maraɗi. Mutane sun taru suna dariya, yana cewa wanda ya ba da magani jiya shi ne yau yake cewa guba ne. Sai wayata ta yi ƙara. Na duba, Malam Bawa. Na buɗe sifika, don hayaniyar kara ba ta barin a ji.

"Haruna, kana ji na?"

"Ina jin ka, Malam. Lahiya?"

"To su ma sun ji. Da hantsi sunka hito, babura sun hi goma. Kira guda niy yi, Isiya yad ɗauka, nic ce ku watse ta gabas. Sunka iske gona ba kowa sai damman hatsi. Yanzu munka gama ƙirga kanmu bakin masallaci, mun cika, har jakuna." Ya yi tari, ya ƙara da cewa, "Kuma yau kwananta ukku ba ta ga caji ba."

Na nemi wuri na zauna a kan turken ɗaure raguna. Na ce alhamdu lillahi. Dariya ta ɗauke a wurin. Alhajin ya ɓare rigar wayarsa, ya zaro takardar ya jefa a gwangwani. Ga ta nan, ita ce babbar da ke sama.

Bayan an gama girbi Malam Bawa ya aiko mini da dami guda na gero a bayan babur. Ban sauke shi a gidana ba, na ce da mai babur mu wuce Sabon Gari. A satin na sayi akwatin nan mai allura da kuke gani, kuma shi za ku fara koya bayan farin ƙyalle, in kun zauna. Na gode wa Allah da Ya bar mini Baba Bitrus da rai har ranar da na buƙace shi, na gode wa dattijon da ya tambaye ni wa da wa maimakon ya tsine mini.

Da muka ajiye damin a barandar, na fara jero godiya, Baba ya ɗaga hannu ya tsayar da ni. Geron ma bai kalla ba.

"Sun ji shi?"

"Sun ji shi, Baba. Ba wanda aka ɗauka."

Ya cire tabaransa duka biyu, ya goge ido da bakin riga, ya ce in zauna a kawo ruwa.